Asabar a Baseco

Mu bakwai ne, tukunya ɗaya.
Renato na riƙe da kunne guda, ni da ɗayan,
faten shinkafa da citta na zubo mini a yatsu
duk sanda motar haya ta faɗa rami.

Shekarata goma sha shida.
Na zo da farin takalmi sabo fil,
da ayoyi goma sha biyu da na haddace daren jiya,
na jera su a baki kamar ƙwai a faranti,
ina tsoron kada ɗaya ya fashe kafin mu isa.

Baseco ba ta tambaye ni aya ba.
Ruwan tekun Manila ya kwana a lungu,
ya bar laka, da leda, da ƙarnin kifi.
Taku na uku, lakar ta haɗiye takalmina na hagu,
ta yi tsit, kamar ba ita ba.

Abincin mutum tamanin muka dafa.
Marites ta ƙirga baki ɗari da huɗu.
Na rufe ido na roƙi abin al'ajabi,
na buɗe, tukunya na nan yadda take.
Fasto Arnel ya ce, "Ƙaro ruwan zafi."
Muka ƙara.

Sai ga Aling Pasing, mai ɓarar tafarnuwa,
buhu guda a yini, lada bai kai kuɗin motarmu ba.
Fatar yatsunta duk ta saɓule.
Ta juye soyayyar tafarnuwa cikin tafi a tukunyarmu,
ta ce, "Ruwa ba ya riƙe ciki,
amma ƙamshi na lallashin yaro."

Ta dubi ƙafata. Ba ta yi dariya ba.
Ta zaunar da ni kan bokiti,
ta wanke lakar da ruwan da ta saya da safe,
ta sa mini silifan jikanta Boyet.
Na ce zan dawo masa da su.
Ta ce, "Ba ya bukata. Tari ya tafi da shi bara."
Ni da na zo bayarwa,
na koma gida da takalmin mamaci a ƙafa,
ayoyina goma sha biyu ko ɗaya ban taɓa ba.

Akwai Ningning, 'yar shekara huɗu,
kullum kwano biyu take miƙowa, ɗaya na ƙaninta.
Zazzaɓi ya kama ta.
Asabar uku muna kewaye tabarmarta,
hannu cikin hannu, Renato har muryarsa ta dishe.
Asabar ta huɗu
ƙanin ya zo shi kaɗai, da kwano ɗaya.

Daga ranar ni da Ubangiji muka yi gaba.
A majami'a bakina kawai ke motsi.
Amma Asabar na yi, sai in ga ƙafata ta nemi silifan Boyet,
hannuna ya nemi kunnen tukunya.
Ban san wa nake yi wa ba.

Wata rana na zauna taya Aling Pasing ɓara,
idona na ruwa, na ɗora wa tafarnuwa laifi.
Ba ta ɗago kai ba ta ce,
"Ni ma na yi gaba da Shi, shekara biyu cur.
Bai tashi daga lungun nan ba.
Miƙo wuƙar, kina ɓarna."

Ranar Lahadi na haɗa tafukana don kada a gane ni.
Warin tafarnuwa ya taso daga ƙarƙashin farce,
sabulun mahaifiyata bai iya da shi ba.
Na daɗe ina shaƙa.
Ban tuna aya ko ɗaya ba.
Na dai ce, "Ningning,"
na yi shiru,
kuma a karo na farko cikin wata biyu
na ji kamar akwai mai saurare.